Keken Baba da Ambulan ɗin Alhaji

Damagaram, daren Alhamis

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyi, ya aiki, ya baƙuntar nan taka da ta ƙi ƙarewa? Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya rufe gari yau kwana huɗu, in ka tsaya a ƙofar gidanmu ko duwatsun Birni ba ka gani sosai. Inna tana gaishe ka, ta ce in gaya maka har yanzu tana ajiye da kwanon da ka ari da sunan za ka maido gobe.

Saƙon murya uku na tura maka tun bayan Mauludi. Duka ukun sun nuna ka saurara, amma ko "to" ba ka ce mini ba. Na bar ka da Allah a kan wannan. Shi ya sa yau na ɗauko biro da takarda, in na gama in ɗauki hotonta in tura maka, ka karanta ko a cikin jirgin nan naku mai bi ta ƙarƙashin ƙasa ne. Tambaya ɗaya ce ta zaunar da ni: keken nan da ka ce kana kai wa mutane abinci da shi a Niyok, yana da birki kuwa? Kada ka yi dariya. Bari ka ji dalili.

Wata biyu da suka wuce, Dogo ya zo fada da wani fim a waya, daga wajen yaran nan masu tura finafinai. Ya ce a garinku aka yi shi, mu zo mu ga inda kake. Muka jingina wayar a jikin butar shayi, mu bakwai muka haɗa kai. Sunansa Premium Rush, na 2012 ne, kuma bai fi awa ɗaya da rabi ba, amma wallahi shayin farko sai da ya ƙone a kan gawayi, babu wanda ya tuna da shi. Wataƙila ka gani. In ba ka gani ba, labarin wani saurayi ne ɗan aike mai keke, ana ce masa Wilee. Ya yi karatun lauya a Jami'ar Kolumbiya ya gama, amma ya ƙi zama jarrabawar da za ta ba shi damar aiki, wai shi ba zai iya sa kwat ya zauna a ofis ba. Sai ya kama kai saƙo a cikin Manhatan. Ran nan wata yarinya 'yar Sin ta ba shi ambulan, ta ce ya kai unguwar Sinawa, can ƙasan gari, kafin ƙarfe 7 na yamma. Shi bai san me ke ciki ba. Ashe wata 'yar takarda ce da ke tsaye a matsayin dala dubu 50, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta nan ba. Kuɗin da ta sha wuya ta tara ne don a sako mata ɗanta a jirgin ruwa daga ƙasarsu. Sai ga wani ɗan sanda da caca ta cinye, bashi ya kai masa iya wuya, ya ji labarin takardar, ya sa shi gaba da mota. Daga nan fa babu sauran zama.

Da aka zo wajen bayanin takardar, Dogo ya ce shi bai gane ba, yaya guntuwar takarda za ta zama miliyoyi? Na ce masa kai ne kuwa ya kamata ka fara ganewa. Lokacin da yayanka yake Sabha, ta ina kuɗi ke zuwa wa tsohuwarku? Ya ba wani a can, a kira waya, a faɗi kalma ɗaya, ka je shago a Kasuwar Dole a ƙirgo maka. Hawala ce, ba wani abu ba. Sinawan ma haka suke yi tsakaninsu, amana ce kawai ke riƙe da abin. Nan take kowa ya gyara zama, don fim ɗin ya zama namu.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda suke nuna tunanin yaron in ya iso mararraba da gudu. Sai komai ya tsaya cak. A nuna in ya bi dama, zai daki mai tura jariri. In ya bi hagu, tasi ce za ta kwashe shi. Sai ya hango wata 'yar kafa a tsakani, ya kutsa ya wuce. Ga kuma taswirar garin da ake ɗagawa sama ana zana hanya, ga agogo yana ta ci. A taswirar nan na yi ta neman inda kake. Jami'ar da ya ɗauki saƙon ai a kan titi na 116 take, ko ba shi ne titin da ka ce kana zuwa cin shinkafar Sanagalawa a Harlem ba? Ina kallo ina cewa a raina, to ga mutumina nan wani wuri cikin motocin nan masu ruwan ɗorawa, da ledar abincin wani a baya. Kai da ka kasa kauce wa tinkiya ɗaya tak a hanyar Mirya! Har gobe in aka tuna ranar tinkiya a fada sai an riƙe ciki. Na rasa yadda aka yi kai ne yau kake ratsa tasi dubu.

To, keken yaron nan ba shi da birki. Giya ɗaya ce, kuma haƙoran ƙafar baya a manne suke da ƙafar, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, babu hutu ko a gangara. In zai tsaya sai ya danne feda da ƙarfin cinya, tayar baya ta goge kwalta. Yana ta alfahari da hakan, wai birki ne ke kashe mutum. Mu manya muka yi dariya muka wuce. Ban lura da ƙanena Auta ba. Yana tsugune a bayana, shi aka aika sayo sukari ya dawo ya liƙe, bai ce uffan ba har aka gama.

Ka san tun da bak, jarrabawar gama sakandare, ta ƙi shi a karo na biyu ya zama wani iri. Ba ya fita, ba ya magana, sai kwanciya da waya. Na yi faɗan, na yi lallashin, har Kawu ya zo daga Matamai ya zauna da shi. Don haka da na ga bayan kwana biyu ya shiga zaure ya fito da keken marigayi Baba, ya wanke shi, ya sa masa mai, sai na ji daɗi. Ka tuna keken, baƙin Phoenix ɗin nan mai kariya da ƙararrawa, wanda Baba ke ɗaura fatu a bayansa ya kai wa dukawa. Shekara shida yana jingine tun rasuwarsa, babu wanda ya iya taɓa shi. Inna da ta ji ƙarar ƙararrawar daga ɗaki sai ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce komai ba, ta koma. Ni na biya kuɗin taya biyu da sarƙa da hannuna.

Abin da ban sani ba, ashe ya kai shi wajen mai walda a Sabon Gari, an liƙe ɗan faifan haƙoran nan na baya da ke barin mutum ya huta da feda. Ya kwance hannayen birki biyu da sandunansu, ya naɗe a tsumma, ya ɓoye cikin tsohuwar tukunyar da Inna ke zuba toka. Da asuba yake fita, bayan isha yake shigowa da keken, ni kuwa ina ganin yaro ya samu abin yi, ban taɓa duba kan keken ba.

Af, kafin in manta, Dogo ya sayi adaidaita. Bashi ne, zai riƙa biya duk mako, amma yanzu sai ka ga yadda yake shigowa fada yana kaɗa makulli. Ɗan Malam kuma an sa ranarsa bayan ƙaramar salla, kuma ba wadda kake tsammani ba ce, ƙanwarta ce. Kada ka ce ni na gaya maka. Mai shayinmu ya tashi daga gindin bedi ya koma kusa da masallaci, saboda mai gidan ya ce zai fitar da shago. Ruwa kuwa kamar yadda ka bari, famfonmu sai tsakar dare yake tari ya kawo ɗan abin da ya samu, 'yan ga-ruwa su ne sarakunan unguwa.

Su ɗin ne ma suka kawo ni kan maganar. Ran Alhamis da ta wuce, ranar kasuwa, ina shago bayan azahar sai ga kira da lambar da ban sani ba. Wani ya ce, kai ne yayan wane? Ka zo tasha, ƙanenka ya ji ciwo. Ban san yadda na rufe shagon ba. Na hau kabu-kabu, ina zuwa na tarar da shi zaune a kan benci, rigarsa fara ta rine tun daga kafaɗa har ƙugu, an ɗaure masa goshi da rawanin wani direba. Keken Baba na kwance a gefe, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka taka.

Ga yadda aka yi. Yana gangarowa da gudu, sai wani ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa daga lungu, cike da bidon. Auta ya danne feda irin yadda ya gani a fim. To ka san titunanmu, rairayi ya hau kan kwalta ko'ina. Tayar ba ta kama komai ba, ta zame da shi, ya je ya daki ƙarfen kurar da goshi. Bidon huɗu suka fashe. Bawan Allahn nan mai ruwa, maimakon ya yi ta kansa, shi ya ɗago shi, yana cewa a kai shi likita. Auta ya ce a'a. Ya laluba ƙirjinsa, ya ji abin da ke cikin riga yana nan, ya ɗauki keken a kafaɗa, ya taka da ƙafa har tasha jini na zuba.

Ambulan ne a cikin rigar. Jikka 150 na wani Alhaji mai hatsi a Dole, da zai ba direban da ke tashi Kano kafin la'asar, shi kuma ya kai wa mai kaya a can. Direban da kansa ya nuna mini ambulan ɗin. Gefensa ɗaya ya jiƙe da jini har ya taɓa takardun kuɗi biyu na sama, ga shatin yatsun Auta a jiki. Ya ce yaron bai yarda ya zauna ba sai da aka ƙirga a gabansa, aka kira Alhaji aka ce saƙo ya iso. Sannan ne ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Ɗinki tara aka yi masa a goshi, uku a gwiwar hannu. Allah ya kiyaye, ƙashi bai taɓu ba, ido ma lafiya. A likita ban ce masa komai ba, don in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Sai da muka dawo gida, Inna ta gama kukanta ta yi barci, na same shi a zaure. Na yi niyyar in ce masa daga yau ya gama da keke har abada. Sai ya jawo wani ɗan littafi daga ƙarƙashin tabarma ya miƙo mini.

Mutumina, ashe yaron nan wata biyu yana sana'a ban sani ba. Shafi shafi, ya ja layi da rula: rana, wanda ya aike shi, inda ya kai, abin da aka ba shi. Matan aure na Birni da Zango da ke yin alkaki da dubulan da turaren wuta a cikin gida, waɗanda da sai sun jira yara sun taso daga lakwal, yanzu shi suke kira. Wata tsohuwa a Garin Malam shi ke karɓo mata maganin hawan jini a farmasi. Tela yana ba shi ɗinki ya kai. Dala 20 in kusa ne, dala 40 in da nisa, ƙasa da abin da kabu-kabu zai karɓa tunda shi ba ya sayen mai, kuma yana shiga lungunan Birni da adaidaita ba ta isa ta shiga ba. Tun yana kai goro da yadi har aka fara ba shi kuɗi. A shafin ƙarshe ya rubuta sunayen yara uku na unguwa da yake so su haɗu, kowa da kekensa da yankinsa, lambar waya ɗaya. Har ya sa ranar Lahadi don kasuwar Mirya, kilomita 18, wai zai riƙa ɗauko wa mata kayan lambu. A cikin gwangwanin madara ya tara jikka 23. Ya ce so yake ya cika ya biya ni kuɗin taya da sarƙa, sannan ya gaya mini.

Na riƙe littafin nan na kasa magana. Rabon da in ga rubutun Auta a tsare haka tun yana firamare. Alhajin ma washegari ya zo har gida da kansa, ya duba shi, ya biya kuɗin ɗinki da na bidon ɗin mai ruwa, ya ce wa Inna ta haifi ɗa. Ya ce in ya warke, duk aikensa na kasuwa shi zai riƙa ba. Ka san Inna, sai ta rufe fuska da mayafi.

Ni yanzu zuciyata biyu ce, kuma duka biyun gaskiya suke faɗi. Ba zan hana shi ba. Na ga abin da zaman banza ya yi wa yaran garin nan, kai ma ka san inda wasu abokan wasanmu suka ƙare. Yaron da zai tashi da goshi a fashe ya kai amanar mutane, ba ni da bakin ce masa sana'arsa ba ta da daraja. Amma in na rufe ido sai in ga ƙarfen kurar nan, in ga da ya sauka ƙasa kaɗan da yanzu wani zancen ake. Na fito da birkin daga tukunyar toka, na wanke, na ajiye masa a kan tabarmarsa. Ya kalla ya ce, Yaya, ai ba laifin rashin birki ba ne, rairayi ne. Ka ji fa! Har yanzu maganar yaron fim ɗin ce a bakinsa.

Na gaya masa cewa shi kansa ɗan wasan, Joseph Gordon-Levitt, lokacin da ake ɗaukar fim ɗin a 2010 ya je ya daki bayan tasi, gilashi ya yanke masa hannu, sai da aka yi masa ɗinki 31. A ƙarshen fim ɗin ma an nuna shi da hannun jina-jina, Auta ya gani da idonsa. Wannan fa mutum ne da aka tare masa titi, ga ma'aikata kewaye da shi, ga ƙwararru da ke yi masa wuraren haɗari. A cikin labarin ma ai sai da mota ta buge Wilee, ya kwanta a motar asibiti da ciwo a haƙarƙari. Auta ya ce, amma ai ya kai saƙon. Abin da ya gani ke nan, kuma ban iya ce masa ƙarya ne ba, tunda shi ma ya kai nasa.

Shi ya sa na zo gare ka. Maganata ta yaya ce, ta saba shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Kai kuwa a wurinsa kai ne mutumin da ke cikin taswirar nan. Hotonka da jakar abinci a baya shi ne a fuskar wayarsa, in ba ka sani ba. Don Allah ka yi masa saƙon murya, ko na minti biyar ne, ka gaya masa gaskiyar aikin yadda take. Ka gaya masa yadda hannu ke ƙagewa cikin ƙanƙara, da yadda direba ke buɗe ƙofar mota ba tare da ya waiwaya ba, da waɗanda ka sani suka faɗi ba su tashi ba, in akwai. Kada ka tsorata shi ya bar sana'ar, ba abin da nake nema ke nan ba. Ka sa ya maida birkin nan kawai, ya sa a cire waldar. In ka ce masa ku ma can masu aikin na gaske da birki kuke yawo, zai ji.

Kuma in akwai mai tahowa gida cikin mutanenmu na Bronx, ka aiko masa da hular kwano irin ta masu keke, marar nauyi mai ƙofofin iska. Ta masu babur da ake samu a nan ta yi masa nauyi, ga zafi in bazara ta shigo, na san ajiye ta zai yi. Zan biya, kada ka ce komai a kan wannan. Na auna kansa da zaren Inna yana barci, ta saman bandejin, na gwada a tef ɗin tela: santimita 57. Ka rage kaɗan saboda bandejin.

Kai ma ina jin abubuwa a rediyo da ba sa yi mini daɗi, wai batiran kekunan lantarki suna kama wuta a cikin gidaje a garin naku. In irinsa gare ka, kada ka riƙa sa shi caji a ɗakin da kake kwana. Kuma shirun nan naka, in aiki ne ya yi yawa, to madalla. In kuwa wani abu ne ya same ka kake ɓoyewa don kada tsohuwarka ta ji, ni ka gaya mini, ka san ba ta taɓa jin komai daga bakina ba. Na je gaishe ta ran Juma'a, tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce dai ke damunta in sanyi ya yi. Ta ba ni ƙuli-ƙuli da yaji in ajiye maka, wai ko za a samu mai tafiya. Dogo ya riga ya gano inda na sa su.

Ƙafar keken tana wajen mai gyara, ya ce ba za ta miƙu ba, sai dai a nemo wata, kuma irin ta Phoenix ta da sai an tambaya a Kano. Direban nan na tasha ya ce zai duba mana in ya koma. Ƙararrawar dai ba abin da ya same ta, Auta ya kwance ta ya sa a ƙarƙashin matashinsa. Ran Litinin za a cire masa zare.

An ɗauke wuta, da fitilar waya nake ƙarasawa. Yanzu ƙarfe 12 saura a nan, ku can magariba ce, na san kana kan titi. In ka sauka ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, wayar na kusa da kaina. Ka gaida mutanen ɗakinku, musamman Bamaradin nan mai dariya.

Naka har kullum,
abokinka na Birni